Talata: hanjin zomo da man na'a-na'a

Tun la'asar maganar ɗalibar nan ke yi mini yawo a kai. Muna gwada man na'a-na'a a kan hanjin zomo ne a ɗakin gwaji. Layin da ke nuna tsukewar hanjin a kan kwamfuta ya kwanta, sai ta ce, "Malam, man ya yi aiki!" Na ce mata, "Ya yi aiki, ko dai ya kashe hanjin?" Ta yi tsuru.

Shiri kam ba laifi: guntun hanjin zomo santimita 2, a ruwan Tyrode (ruwan gishiri da ke riƙe hanji da rai) mai zafin digiri 37, iska na ɓulɓulowa, an ɗaure shi da nauyin giram 1, an bar shi minti 30 ya huta. Aka zuba fotasiyam kuloraid milimola 80, tsokar ta ƙanƙance ta riƙe. Ana ɗiga man ta saki.

Mentol da ke cikin man yana toshe ƙofofin da kalsiyam ke bi ya shiga ƙwayar tsoka, kusan yadda maganin verapamil ke yi. In kalsiyam bai shiga ba, tsoka ba ta tsukewa. Shi ya sa ake gwadawa da fotasiyam, don shi ke buɗe ƙofofin kai tsaye. Amma mataccen hanji ma haka layinsa ke kwanciya. Sai an wanke sau uku, an jira minti 15, an sake zuba fotasiyam. In tsukewar ta dawo, man ne ya sassauta ta. In ba ta dawo ba, an cika hannu.

Sai na biyu. Mai ba ya narkewa a ruwa, da wani sinadari mai suna DMSO aka narkar da shi, kuma ba wanda ya gwada DMSO ɗin shi kaɗai don a ga ko shi ne ya sassauta tsokar. Ni ba na barin ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a kwanon. Yau ban duba ba. Laifina ne, ba nata ba.

An ɗauke wuta ƙarfe uku, ruwan ya huce, hanjin ya yi sanyi. Shi ke nan.

Da dare Inna na kukan ƙwannafi, ga kofin na'a-na'a a hannunta. Ƙofar tumbi ta sama, inda maƙogwaro ya haɗu da tumbi, tsoka ce irin ta hanji. In na'a-na'a ta sa ta saki, ruwan ciki ya taso. Dalilin da ya sa ake rufe ƙwayar man da ɓawon da sai ya wuce tumbi yake narkewa ke nan. Na fara yi mata bayani, ta ce in bar ta ta sha shayinta.

Gobe sai wani zomon. Shi ne abin da ya fi ci mini rai.