Inda na kai da "this", "that", "these" da "those"

'Yan uwa masu koyon Turanci, barkanmu da ƙoƙari. Makon nan kan kalmomin nuni na tsaya, kuma na lura batun kusa da nesa ba shi ne mai wuyar ba. "This" da "these" na abin da ke kusa ne, "that" da "those" na abin da ke can. Turanci ma bai raba namiji da mace a nan ba: inda muke da wancan da waccan, "that" kaɗai ta wadatar.

Aikin yana wajen adadi, wato "this" da "that" na abu ɗaya ne, "these" da "those" na abubuwa da yawa, kuma daga kunne yake farawa. Wasalin "this" gajere ne, tana ƙarewa da sautin s. Na "these" dogo ne, tana ƙarewa da z. Nakan ɗora yatsu biyu a maƙogwaro in furta su a hankali. A ƙarshen "these" za ka ji maƙogwaron yana rawa, a ƙarshen "this" kuwa iska ce kawai ke fita ta tsakanin haƙora. Ku gwada, da murya a fili, domin karatun zuci ba ya gyara wannan.

Sai sunayen da ke yaudarar ido. Wando ɗaya ne a hannunka, amma "these trousers" za ka ce, haka ma almakashi, "those scissors". "News" kuwa, duk da s ɗin da ke wutsiyarta, tilo ce: "this news". "People" ba ta da s, amma jam'i ce, don haka "these people".

Abin da ya fi burge ni shi ne nisan ba na wuri kaɗai ba ne, har da na lokaci. "These days" zamanin da muke ciki ne, "in those days" zamanin da ya shuɗe. Safiyar yau "this morning" ce ko da dare ya yi, amma in kana ba da labarin wata rana daban, sai "that morning". In abokin hira ya faɗi magana ka yarda da ita, "that's true" za ka ce, tunda daga bakinsa ta fito.

A waya, mai kira kan gabatar da kansa da "this is". Wajen tambayar wa ke magana, mutanen Ingila sun fi cewa "who is that?", na Amurka kuma "who is this?". Duka daidai ne.

Yanzu ina kan "this kind of" da "these kinds of", ina rubuta jimloli ina karanta su da ƙarfi har harshe ya saba.