Hirar Dusar Ƙanƙarar 1947 a Roscommon

Lahadi, da dare.

Da hantsi aka yi ɗan yayyafin dusar ƙanƙara da bai ko rufe ciyawa ba, amma ya isa ya buɗe bakin maƙwabcina, dattijon da ya haura shekara 85, wanda na leƙa in gaishe shi bayan azahar. Ya ce wannan wasan yara ne, domin a nan gundumar Roscommon da sauran yammacin Ailan idan aka ce babbar dusar ƙanƙara, ta 1947 ake nufi.

A ƙarshen Fabrairun shekarar guguwa ta kwana ta wuni tana zuba, har ta binne shingayen gonaki mutane suka riƙa takawa ta samansu. Mahaifinsa ya buɗe ƙofa da asuba ya tarar da farin bango, sai da shebur aka fita. Tumakin da aka binne kuwa da doguwar sanda ake nemansu, ana tafe ana soka ta cikin dusar, ana duban ɗan ramin da numfashin dabbar ya huda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa bala'in ya faro tun 1946. Makamashinsu a lokacin baƙar ƙasar fadama ce da suke kira turf, wadda ake yankawa kamar tubali a shanya ta bushe, to ruwan saman shekarar bai bar ta ta bushe ba, saboda haka da sanyin ya zo, hayaƙi kawai take yi babu ɗumi. Kwal daga Biritaniya ya yi wuya, aikin kai lantarki karkara kuma a ƙarshen 1946 aka fara shi, bai iso su ba. Wasu gidajen har kujerunsu suka ƙona.

Na kawo masa zancen guguwar Emma ta Maris 2018, lokacin da burodi ya ƙare a kantuna hankalin jama'a ya tashi. Dariya ya yi, kuma ina ganin da gaskiyarsa, ya ce mahaifiyarsa a tukunyar ƙarfe take gasa nasu a murhu. Sai wajen tsakiyar Maris dusar tasu ta narke, ambaliya ta biyo baya, mushen tumaki suka bayyana a gindin shingaye, kuma a shekarar gidansu bai kai ko ɗan rago ɗaya kasuwar garin Boyle da ke Roscommon ba.