Rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa

Da manoman layinmu a yankin Kadawa suka ɗora mini rabon ruwan rani, doka ɗaya na tarar, ita ma a baki: kowa ya jira ranarsa. Ruwan daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Babban kanal yana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, amma da zarar ruwa ya shigo ƙananan magudanai, mu da mu ne.

Rigimar ba ta canzawa. Mai gona kusa da ƙofar ruwa ya jefa buhun ƙasa cikin dare ya karkatar da ruwa, na can ƙarshe ya wayi gari tumatirinsa ya yi yaushi. Shi ya sa tun kafin dashe muka zauna gaban mai unguwa, aka rubuta ranakun kowa da boko da ajami. Tarar kuɗi muka ƙi, don kuɗi a hannun shugaba zargi yake jawowa. Wanda ya saci ruwa zai yashe magudana shi kaɗai, ya kuma rasa ranarsa ta gaba.

Ƙorafi kuwa ba na saurarensa a zaurena da daddare. Mutum zai zo da goro da doguwar gaisuwa, so yake ka yanke hukunci kafin ka ji ɗaya ɓangaren. Sai in ce, "Malam, gobe bayan asuba mu haɗu a gonar, kai da shi." A can ba a doguwar magana, domin fangalin da ya sha ruwa jiya ba ya ɓuya.

Ranar da abin ya faɗo kan ƙanin mahaifina, mutane suka yi tsit suna jiran su ga yadda zan yi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, kuna wurin aka rubuta." Ya ce, "Yaro, ni za ka sa yasa?" Na ce 'ya'yansa za su yi, ni ma zan kama musu, amma ranarsa ta wuce. Ya jima ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Na ƙarshen layi dai, waɗanda da sai su yi ta guna-guni a majalisa, daga nan suka fara kawo kukansu kai tsaye.

Idan ni ake ƙorafi a kai, ba na zama a shari'ar. Mai unguwa da dattawa biyu ke ji, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Gonata a tsakiya take, amma na roƙa aka mayar da ranata ta ƙarshe a zagaye, kuma haka take a rubuce har yanzu.