Kallon tsuntsaye a fadamar Baturiya

Mai son kallon tsuntsaye a fadamar Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, ya fara daidaita lokaci kafin ya damu da kayan aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan ambaliya ke janyewa, ya bar tabkuna marasa zurfi da taɓo a gefensu. A lokacin ne baƙin agwagi daga Turai ke sauka, su cakuɗu da 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe da belbela. A 2008 aka sa wurin cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, kuma ya cancanta.

Ka isa bakin ruwa da an idar da sallar asuba, ka tsaya rana tana bayanka. In ka fuskanci gabas, baƙin dodo kawai za ka gani, ba launi. Da hantsi ya yi, tururin zafi zai sa komai rawa a cikin madubi. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, gara ka haƙura da na nesa.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai jawo abu sau takwas, ya isa. Wanda ya fi shi jawowa yana rawa a hannu, balle a cikin kwale-kwale. Ƙurar hunturu ce ke kashe gilashi, don haka hure ta tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Bakin riga karce shi yake yi. Farar riga kuma ka bar ta a gida.

Kirinjijiya kunne ke fara gane ta: fito uku take yi a jere, fuskarta fara, wuyanta a miƙe. Dinya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, baya baƙi, ciki fari, baki ja, ga ƙaya a gwiwar fiffike. In garke ya yi yawa, ƙirga goma, ka riƙe faɗinsu a ido, ka riƙa auna sauran da shi. Rubuta nan take, domin da sun tashi lissafi ya watse.

Abin da ke ci mini rai shi ne kacala, doguwar ciyawar ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar nan ta toshe hanyoyi, ta cinye sararin da agwagi ke sauka, ta zama maɓoyar jan baki, ƙaramin tsuntsun nan mai cin shinkafar manoma. Saboda haka ka tambayi masunta inda ruwa yake a buɗe bana, don na bara wataƙila ya rufe. Ka gaida mai gari kafin ka shiga, kuma kada ka taka ruwan kwance ba takalmin roba, akwai tsargiya.