Na'urar rediyona ta farko

Jama'a, na yanke shawara: IC-7300 ta kamfanin Icom na saya, rediyon aikawa da karɓar magana irin ta zamani da ake kira SDR.

Da na samu lasisin rediyon masu sha'awa, wato izinin yin magana da wasu ta rediyo don sha'awa, zuciyata ta fi karkata ga irin ta da, wadda kunne da yatsa ke yin aikin. Wani dattijo a Yelwa, mai alamar kira ta 5N, wato ta 'yan rediyon Najeriya, ya ce mini: "Ɗana, tawa in ta lalace, mai gyara a Wunti zai buɗe ta ya bi wayoyinta." Wallahi wannan hujja ce mai nauyi a Bauchi.

Amma ita SDR, wato rediyon da manhaja ke sarrafawa, da zarar eriya ta kamo sigina sai a mayar da ita lambobi, manhaja ta tace. A allonta kana ganin zangon mita 20 a shimfiɗe, kowace tasha zare ne mai haske yana gangarowa. Abin da ya fi jana shi ne maganar hayaniya. Unguwarmu kowa da inbata da sola, kuma ƙararsu na fitowa a allon ɓaro-ɓaro. Na zare cajar waya daga bango, nan take na ga layi guda ya ɓace. Da kunne kawai, yaushe zan gano haka?

Wat 100 take bayarwa, tana jan kusan amp 20 in kana magana, don haka batir mai ƙarfi dole ne. Sauran kuɗina a wayar eriya da sandarta zan zuba su, kafin damina ta kankama.