Kafin a zuba kankare

Yau na raka ƙanwata wurin aikinta na duba gine-gine, mun tarar motar kankare ta iso, leburori na tsaye da shebur. Ita kuwa ta tsuguna kan dakin, wato shimfiɗar benen da za a zuba wa kankare, ta zaro tef tana auna tazarar da ke tsakanin rodi da katakon da ya tallafe shi. A wurare da dama rodin ya kwanta kan katakon, babu 'yan duwatsun simintin da ake sakawa su ɗaga shi. Ɗan kwangila ya matso yana murmushi: "Haba Injiniya, ranki ya daɗe, kankare ai zai rufe komai." Ta ce abin da take tsoro ke nan. In rodi bai samu kankare ya lulluɓe shi sosai ba, danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga dakin daga ciki, kuma sai bayan shekaru a gani. Ta rubuta takardar dakatar da zubi har a gyara.

Kallon da aka bi ta da shi ya tsaya mini a rai. Karatun zanen gini da dokokinsa ana koyonsu a aji, har da gwajin ƙarfin kankare da ake yi bayan kwana 28, amma cewa "a'a" a gaban mutumin da kuɗinsa ke ƙonewa, wannan sai mai zuciya. Tun ɗazu nake tambayar kaina ko wa ya duba rodin benen da nake kwana a ciki.