Laraba: masu gadi biyu a ƙofa ɗaya

Tun ƙarfe bakwai na safe na zauna gaban kwamfutata da niyyar in kammala babi na huɗu na kundin digirina, amma har tara ta yi ban rubuta layi goma ba. Fayil ɗin da a da yake buɗewa kafin ƙiftawar ido, yau sai da ya ci kusan minti guda. Fanka tana ta huci, ƙasan kwamfutar ya ɗauki zafi har na sauke ta daga cinyata na mayar kan tebur. In na danna harafi sai in zauna jiran ya fito. Kwana uku ke nan tana wannan hali ina cewa gobe zan duba, yau dai haƙurina ya ƙare.

Gabana ya faɗi sosai, domin abin da ya fara zuwa raina shi ne wata muguwar manhaja ta shige ta. Aikin shekara biyu ne a ciki: hirarrakin da na naɗa, bayanan da na tattara, babi uku da malamina ya riga ya gyara. Saboda su ne ma ranar Lahadi na sayi cikakkiyar manhajar tsaro ta wani kamfani, mai riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta da katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita ta intanet da ma'ajiyar kalmomin sirri, don hankalina ya kwanta. Sai ga shi tun daga ranar ne kwamfutar ta fara ciwo.

Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, tagar da ke nuna abin da ke aiki a cikin kwamfuta, ya buɗe. Layin da ke nuna aikin faifai, wato ma'ajiyar fayiloli, ya tsaya cak a kan kashi 100, ya yi ja. Sunaye biyu ne a sama suna ta musayar wuri, wannan ya hau wancan ya sauka. Na farko na gane shi, manhajar da na saya ce. Na biyun sai da na ƙura masa ido kafin na tuna: riga-kafin gwaji ne da ya zo tare da kwamfutar tun tana sabuwa. Wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa, na goge tambarinsa daga fuskar allo, a zatona shi ke nan ya tafi. Ashe yana nan daram. Na kuma tuna cewa ranar Lahadi, ina cikin saka sabuwar, ta nuna mini gargaɗi cewa ta ga wata manhajar da ba za su zauna tare ba. Ina sauri, na danna ci gaba.

Na kira Yaya, shi da yake aikinsa ke nan. Yana ɗauka na ce, "Yaya, don Allah kana da minti biyar? Kwamfutata ce."

Na karanta masa sunayen biyu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ƙanwata, taura biyu ba ta taunuwa. Kin ajiye masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowanne yana caje ɗan'uwansa."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma ina so in rubuta shi nan kafin ya ɓace mini. Riga-kafin da ke aiki a kowane lokaci yana zama ne can cikin tsarin kwamfuta, tsakanin manhajoji da faifai. Duk fayil ɗin da za a buɗe ko a ajiye, sai ya tare shi ya duba tukuna. To in sun zama biyu, na farko zai buɗe fayil don ya duba, na biyu ya ga an taɓa fayil shi ma ya tashi dubawa, na farkon kuma ya ga motsin na biyu. Haka za su yi ta kai-komo a kan abu ɗaya, faifai yana wahala. Ya ce jinkirin ma shi ne mai sauƙi. Akwai lokacin da ɗaya zai kama mugun fayil yana ƙoƙarin killace shi, ɗayan ya riƙe fayil ɗin bai saki ba, a ƙarshe babu wanda ya gama aikinsa. Wani lokacin kuma ɗaya ya ga bayanan da ɗayan yake gane ƙwayoyin cuta da su, ya ɗauka cutar ce.

Na ce, "To Yaya, na Windows ɗin fa? Uku ke nan suke faɗa?"

Ya ce a'a. Microsoft Defender, wato riga-kafin da ke zuwa cikin Windows, da zarar wani riga-kafi ya yi rajista da Windows, da kansa yake ja da baya ya bar masa wurin. In an cire wancan ko wa'adinsa ya ƙare, sai ya dawo bakin aiki. Ya ce mutane da yawa suna ganin an rubuta Defender a kashe sai hankalinsu ya tashi, su shiga neman dabarar tilasta masa kunnuwa, alhali da gangan aka tsara shi haka. Sauran kariyar Windows kuma suna nan ba su tafi ko'ina ba: SmartScreen mai gargaɗi kan fayilolin da aka sauke daga intanet, tagar nan da ke neman izini kafin manhaja ta taɓa tsarin kwamfuta, ɓoye bayanan faifai na BitLocker ga wanda yake da shi, da sabuntawar wata-wata. Katangar tsaro ce kawai ya ce in duba, domin in manhajar da na saya ta zo da tata, ita za ta karɓi aikin.

Cire tsohon ya ci mini sauran safiyar. Na cire shi ta hanyar da aka saba, na sake kunna kwamfutar, na duba, har yanzu akwai ragowarsa yana motsi. Sai da na je shafin kamfanin na sauke ɗan kayan share ragowa da suka tanada, na sake kunnawa karo na biyu. Wannan karon da allo ya haska, shiru na ji. Na kai kunnena kusa da ramukan iska don in tabbatar fankar tana juyawa ma. Layin faifai ya sauko ƙasa da kashi 5. Na buɗe babi na huɗu, ya fito nan take. Na yi ajiyar zuciya mai tsawo.

Da rana, maimakon in koma rubutu, sai na shiga Windows Security na bi shi shafi-shafi, abin da ban taɓa yi ba tun da na mallaki kwamfuta. Akwai wurin da yake jera wanda ke riƙe da kowane aiki: riga-kafi wane, katangar tsaro wane. Suna ɗaya a kowane gurbi, yadda ya kamata. A ƙarƙashin riga-kafin na ga wani maɓalli na binciken lokaci-lokaci, wanda ke ba Defender damar zagayawa jefi-jefi ya duba ko akwai abin da ya kuɓuce wa mai gadin ƙofa, ba tare da ya tsaya a ƙofar ba. Tun 2016 aka saka shi a Windows 10. Na kunna. Wannan ita ce hanyar da aka yarda su biyun su zauna gida ɗaya.

Amma na ci karo da abin da ya ɓata mini rai. Akwai wata kariya da Windows ya samu a 2017, wadda ke hana baƙuwar manhaja canza abin da ke cikin foldar da mutum ya zaɓa. An yi ta ne domin masu kulle fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa. Ita ce ainihin abin da kundina yake buƙata. Da na je kunna ta sai na tarar ba ta aiki sai in Defender ne ke gadin ƙofa. Wato da na sayi ƙarin tsaro, na rufe wa kaina wannan ba tare da na sani ba. Na koma cikin manhajar da na saya ina lalube, na samu tana da irin tata, amma foldar kundina ba ta cikin jerin da take karewa, domin a wani wuri dabam nake ajiye ta. Kwana uku aikina yana zaune babu ko ɗaya daga cikin kariyar biyu, ni kuwa ina ganin koren tambari ina jin daɗi. Na saka foldar da hannuna. Wannan ya fi jinkirin safe tsaya mini a rai.

Don in tabbatar mai gadin a farke yake, na yi gwajin da Yaya ya faɗa mini, na fayil ɗin EICAR. Rubutu ne na haruffa da alamomi 68, ba ya cutar da komai, amma masu yin riga-kafi sun amince su ɗauke shi kamar cuta domin gwaji. Na liƙa shi a Notepad, na danna ajiyewa. Ban ɗauke yatsana ba sai ga sanarwa a gefen allo, fayil ɗin ya ɓace daga inda na sa shi. Sanarwa ɗaya, daga manhaja ɗaya.

Da yamma na zauna ina tambayar kaina me ya sa ma na saya. Ina jin tsohon tunani ne ya bi ni. Lokacin da na fara taɓa kwamfuta, abin da kowa ke faɗa shi ne Windows ba ya zuwa da riga-kafi, sai ka nemo. Kuma gaskiya ne a wancan zamani: Defender na Windows Vista manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa, Security Essentials da ya fito a 2009 sai mutum ya sauke shi da kansa, sai a Windows 8 a 2012 ne cikakken riga-kafi ya zo a ciki. Yanzu kuwa cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, suna gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi, kuma a 'yan shekarun nan yakan fito cikin na gaba-gaba wajen kama cuta. Ban ce na kuɗin ba su da amfani ba. Mai yara da ke son sa ido kan abin da suke buɗewa, ko mai kula da na'urori da yawa daga wuri ɗaya, zai sami abin da ya biya dominsa. Ni dai ban zauna na lissafa me nake nema ba, tsoro ne ya yi mini sayayya.

Akwai kuma abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai yau: manhajar tsaro ita ce aka fi ba wa amana a cikin kwamfuta, tana shiga inda sauran ba sa shiga, don haka kuskurenta ma ya fi na kowa nauyi. Na tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawa ɗaya ta kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Ba ɗan kutse ne ya yi wannan ba, mai gadi ne ya yi tuntuɓe. Shi ya sa na cire ƙarin da manhajar ta liƙa wa burauzata, guda biyu, waɗanda ban nema ba kuma ban ga aikin da suke yi mini ba.

Kafin mu yi sallama da safe Yaya ya tambaye ni yaushe rabona da sabunta Windows. Na duba ɗazu, ashe na dakatar da ita makonni da suka wuce don kada ta katse mini rubutu. Ya tuna mini da WannaCry na Mayun 2017, harin nan na kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, wanda ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar da ya bi ya shiga tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci, yawancinsu gyaran ne ba su saka ba. Jiya ce Talata ta biyu a wata, ranar da ake fitar da gyare-gyaren, don haka na saki sabuntawar ta yi aikinta. Ta ɗauki kusan rabin awa, na jira.

Shawarar da na yanke ita ce zan bar manhajar da na saya har wa'adinta ya cika, tunda na riga na biya kuma yanzu tana zaune lafiya. Na kashe sabunta biyan kuɗi na kai-tsaye, na rubuta ranar ƙarewar a kalanda. In ranar ta zo zan cire ta gaba ɗaya, har da kayan share ragowa, in fitar da kalmomin sirrina daga ma'ajiyarta tukuna, in tabbatar da idona Defender ya dawo, sannan in kunna kariyar foldar nan.

Yanzu goma da rabi na dare. Na samu na rubuta shafi uku na babi na huɗu bayan duk wannan. Na kwafe kundin gaba ɗaya a faifan waje, na zare wayarsa na saka shi a aljihun tebur, domin Yaya ya ce faifan da ke jone da kwamfuta, abin da ya kulle ta zai iya kulle shi. Gobe da safe zan karɓi kwamfutar Mama in duba, don na tuna ita ma da riga-kafin gwaji ta zo, kuma ni ce na goge mata tambarinsa.